Shirin Komawa Gida Daga Alƙahira: Kundin Aikin Masu Kammala Azhar na Bana

15 ga Yuni, 2025

An gama jarrabawar zango na biyu a yawancin kulliyoyi, wato tsangayoyin jami'a, saura jiran sakamako. Daga yau za a riƙa rubuta abin da aka yi da abin da ya rage a shirin komawar 'yan'uwan da ke kammala digirin farko a Jami'ar Azhar, domin masu gamawa baɗi su tarar da abin dubawa. Galibinsu Kano za su sauka, kaɗan Abuja. Akwai 'yan Maraɗi da Damagaram da za su sauka Kano su ƙarasa ta mota.

Aikin makon nan duba fasfo ne. Kowa ya kawo nasa, sabo da tsoho, aka rubuta abu uku: ranar da fasfo zai mutu, ranar da iƙama, wato izinin zama a Masar, za ta ƙare, da yadda aka jera haruffan sunansa.

Iƙama ce ke yanke wa mutum lokaci. Ana sabunta ta ɗalibi ne da takardar kulliya mai shaida cewa yana cikin rajista, to wanda ya ci jarrabawar ƙarshe ya fita daga wannan rajistar. Kwanakin da suka rage masa a iƙamar da ke hannunsa su ne jarinsa: a cikinsu zai karɓi shahada, wato takardar digiri, ya buga hatimai, ya aika kaya, ya tashi. Don haka lissafi daga baya ake fara shi. A ɗauki ranar ƙarewar iƙama, a cire mako biyu na ko-ta-kwana, nan ne iyakar ranar tashi. Wanda tasa ta riga ta mutu ya tafi ofishin jawazat, wato na shige da fice, da ke unguwar Abbasiyya ya daidaita tun yanzu. Masu tsohon labari su sani, tun 2019 aka ɗauke wannan aiki daga ginin ofisoshin gwamnati na Mujamma'ar Tahrir. Tarar da aka bari sai a filin jirgi tana cin kuɗin guzuri, wani lokaci ta ci jirgin kansa.

Tsohon fasfo kuwa kada wanda ya yar da shi. Wanda ya yi ma'ahadi, wato sakandaren Azhar, kafin ya shiga jami'a, da wuya bai canza fasfo ba, kuma hatimin fitarsa ta farko daga Najeriya da iƙamomin shekarun baya duk suna cikin tsohon. Su hukumar yi wa ƙasa hidima, NYSC, za ta nema don tabbatar da cewa a ƙasar ya zauna ya yi karatun. Wanda nasa ya ɓace a nan Masar, a nan zai samo rahoton 'yan sanda kafin ya tafi.

29 ga Yuni

Mako biyu a kan suna kaɗai, kuma bai yi yawa ba.

Takardun Azhar da Larabci suke, ana jera suna ne mutum, uba, kaka. Fasfo kuma yana fara da sunan dangi. Idan aka zo fassara sai abu ya ƙara rikicewa, domin mai fassara ɗan Masar yadda yake furtawa haka zai rubuta. Jim a bakinsa G ce, sai Jamilu ya koma Gamil, Jibrin ya koma Gebril. Usman ya zama Othman, Abubakar ya rabu gida biyu, Muhammad kuma yana da rubutu wajen huɗu. A idon ma'aikacin da ke tantancewa a Abuja, Jamilu Usman da Gamil Othman mutum biyu ne.

Abin da aka tsayar: fasfo shi ne ma'auni. Kowa ya je shu'un na kulliyarsa, wato ofishin harkokin ɗalibai, ya ga yadda sunansa da ranar haihuwarsa suke a fayil tun kafin a buga shahada. Gyara a fayil takarda ɗaya ce da hoton fasfo. Gyara bayan an buga shahada, an sa hannu, an yi hatimi, komawa farko ne. An kuma gwada fasfo da lambar NIN da sakamakon sakandare, na WAEC ne ko NECO ko na hukumar NBAIS. An samu waɗanda shekarar haihuwarsu ta saɓa tsakanin takardun gida da kansu. Wannan ba a Alƙahira za a gyara shi ba, amma gara mutum ya sauka ya san abin da ke jiransa.

13 ga Yuli

An fara awon littattafai da sikelin rataye. Nan ne zuciya ke rinjayar hankali, domin mai shekara shida ko bakwai yana zagayen shagunan Darbul Atrak a bayan masallacin Azhar, yana halartar baje kolin littattafai na Alƙahira duk ƙarshen Janairu, ba ya sanin abin da ya tara sai ya zo ɗaurewa.

Tikitin jirgin EgyptAir zuwa Kano da 'yan'uwa suka duba yana ba da jaka biyu, kowace kilo 23, da ta hannu kilo 8. Kowa dai ya karanta abin da ke rubuce a nasa tikitin, shi ne hujja a wurin awo. Mujalladi ɗaya mai kauri yakan kai kilo ɗaya ko ya ɗara. Fathul Bari kaɗai mujalladi 13 ne ban da muƙaddima, ka ga ya kusa cinye jaka guda.

Sai aka kasa littattafai kashi uku. Kashin farko masu bin mutum a jirgi: littattafan da ya karanta gaban malami ya cika gefensu da ta'aliƙi, wato bayanan da ya rubuta, da littattafan rubutunsa na hannu. Waɗannan ba su da madadi. Kashi na biyu manyan maraji'ai, wato littattafan da ake komawa gare su, masu ingantaccen bugu da ke wuyar samu ko tsada a gida, su za a yi wa kago, wato a aika su daban a matsayin kaya. Kashi na uku duk abin da ake samu a Kasuwar Kurmi: ƙananan matanonin fiƙihun Malikiyya, nahawu na masu farawa, mus'hafai. Biyan kuɗin dakon abin da ke jibge a Kurmi asara ce tsagwaronta. A bar wa sababbin ɗalibai, ko muzakkarorin kulliya ma, wato takardun darasi, su suka fi buƙata.

Game da kago, hanya biyu ce. A jirgin sama ana cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin gaske da nauyin girma, shi kuma ana fitar da shi ne ta ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6000. Kwali mai 40 da 30 da 30 nauyin girmansa kilo 6 ne, amma idan aka cika shi da littattafai yana haura kilo 20, saboda haka nauyin gasken za a biya. Shi ya sa littafi ke da tsada a sama. A jirgin ruwa da girma ake lissafi, kuma irin wannan kwalin wajen 27 ne ke cika mita ɗaya ta kowace fuska. Ga littattafai ruwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai kaya Legas za su sauka, akwai kuɗin fitarwa daga tasha, akwai motar Kano, akwai jiran watanni. An yanke a haɗa kayan kowa a aika ta ruwa a dunƙule.

27 ga Yuli

Sakamako ya fara fitowa, kulliya bayan kulliya. Alhamdu lillahi, akasari sun haye. Waɗanda suka rage da darasi ɗaya ko biyu an cire su daga jerin tafiyar farko, kuma an ce kada su sayi tikiti sai sun ga sakamakon zagaye na biyu na jarrabawa.

Takardu bi-da-bi suke tafiya, kowane hatimi yana gaskata sa hannun da ya gabace shi, shi ya sa tsallake ɗaya ke ɓata na gaba. Da farko ihla'u ɗaraf, takardar da ke nuna ba a bin ɗalibi komai: laburare, kuɗin makaranta, da ɗaki ga mazauna Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje. Sai neman shahada, wadda a Azhar ake kira Ijaza Aliya, tare da bayanin darajoji na dukkan shekaru. Bayan sa hannun kulliya sai hatimin hukumar jami'a a Madinat Nasr. Daga nan sai ofishin tasdiƙi, wato gaskata takardu, na Ma'aikatar Harkokin Wajen Masar, sannan ofishin jakadancin Najeriya da ke Zamalik. 'Yan Nijar su nufi nasu ofishin jakadancin, fassararsu kuma ta Faransanci ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman kwafi ɗaya. A nemi aƙalla uku na shahada da uku na bayanin darajoji, a buga musu hatimi gaba ɗaya. Ɗaya zai shiga fayil ɗin tantancewa, ɗaya na neman digiri na biyu, ɗaya na ajiya. Kuɗin ƙarin kwafi a yau bai kai wahalar aiko da saƙo daga Kano bayan shekara biyu ba.

Kada a liƙe shahada da roba. Hatimi a bayanta ake bugawa, kuma takardar da aka liƙe ba ta karɓar tawada. Fayil mai tauri ya isa.

Ofisoshin gwamnati Lahadi zuwa Alhamis suke aiki, da sassafe ake samun layi mai sauƙi. Hutun da ya faɗo tsakiyar mako akan matsar da shi zuwa Alhamis, kamar yadda aka yi da na 23 ga Yuli, sai a wayi gari kwana uku a jere ba aiki. A sa wannan a lissafi.

10 ga Agusta

Fassara. An dawo da takardu huɗu wurin wani ofishin fassara saboda abin nan da aka faɗa a watan Yuni: an bi furucin Masar an bar rubutun fasfo. Laifin rabi na masu takardun ne, sun miƙa shahada ba su haɗa da hoton fasfo ba, kuma sun karɓa ba su karanta ba. Yanzu doka ce, ba wanda zai bar gaban mai fassara sai ya bi suna harafi-harafi, da ranar haihuwa, da sunan kulliya da sashe, da shekarar kammalawa.

A kula da taƙdiri, wato darajar sakamako. Mumtaz, jayyid jiddan, jayyid da maƙbul a fassara su yadda suke. Kada a roƙi mai fassara ya mayar da su ajin digiri irin na jami'o'in Najeriya, wannan ba hurumin sa ba ne, kuma takardar da aka yi wa haka tana jawo zargi. Daidaita darajar shahada aikin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ne a Abuja. NYSC tana karɓar fassarar da aka yi a ofishin jakadancin ƙasar da aka yi karatu ko a sashen harshe na wata jami'ar Najeriya, don haka mai yiwuwa a sake wata fassarar a gida. Ta nan tana da amfaninta duk da haka, musamman ga mai neman gurbin karatu a wata ƙasa.

Tun da gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo a Janairun 2024, ana duba takardun duk wanda ya yi karatu a waje da idon basira. Mai shahadar Azhar ba shi da abin tsoro, amma a tafi da hujja cikakkiya: takardar karɓa ta farko, katunan ɗalibi na kowace shekara, shahadar sakandare ta ma'ahadi ita ma da hatiminta. Wanda ya haura shekara 30 a ranar kammalawa takardar yafewa zai nema, ita ma sai ya yi rajista. Likitoci suna da jarrabawar majalisar likitocin Najeriya, MDCN, a gabansu, masu Shari'a da Ƙanun da ke son lauyanci kuma sai sun bi ta Makarantar Horon Lauyoyi tun daga kashin farko da aka tanada wa masu digirin waje.

19 ga Agusta

An ɗaure kago. Kwali mai bango biyu, ƙanana, domin babban kwali cike da littattafai gindinsa ke ɓallewa. An shimfiɗa leda mai kauri a ciki, an kwantar da littattafai a kwance, an cusa takarda a gurabe don kada su yi ta gogar juna, an naɗe waje da ledar naɗi. Danshin teku da na Legas a damina shi ne abokin gaba, yana kumbura takarda ya sa mata fumfuna. Kowane kwali an rubuta masa lamba da suna da wayar mai karɓa a gefe biyu, an ɗauki hoton abin da ke ciki kafin a rufe.

Ba a sa man habbatus sauda ko zuma ko turare cikin kwalin littattafai ba, ko da mai shi ya rantse murfin ya ɗauru. Ba a sa tsohon rubutun hannu ba, domin dokar Masar ta hana fitar da irinsu, mai sayen tsofaffin littattafai a kasuwar Azbakiyya ya lura.

An sa wakilin kago ya rubuta a takarda ko kuɗin da aka biya ya haɗa da fitarwa daga tashar Legas da kaiwa Kano, ko iyakarsa bakin ruwa. Rigimar kago kusan duk daga wannan jimlar take tasowa. Dokar kwastan ta Najeriya tana sassauta wa ɗan ƙasa da ya zauna waje wata tara ko fiye a kan kayan amfaninsa da ya riga ya yi aiki da su, amma sai an cike takardar bayyana kayan da ba sa tare da fasinja. Kwali goma na littafi iri ɗaya sabo fil ba zai shiga wannan ba, haja ce.

28 ga Agusta

Gida da kuɗi da waya. Masu haya a unguwar Hayyul Ashir da kewaye sun sanar da masu gida wata guda kafin fita, kamar yadda yawancin yarjejeniyoyi suka tanada. Kuɗin ta'amin, wato na jingina da aka ajiye ran shiga, ba ya dawowa cikin sauƙi idan babu rasidin wuta da gas da ruwa na watan ƙarshe, don haka a tara su, a kira mai gida ya duba ɗaki da rana, a yi sallama da bawwab, wato mai gadin gida, a ba shi hakkinsa. Firji da fanka da katifa a sayar wa ɗalibai masu zuwa, mai sayen tsofaffin kaya da ke yawo a titi ba zai ba da ko rubu'in kuɗinsu ba.

Fam ɗin Masar ba a fita da fiye da 5,000, kuma ba shi da kasuwa a Wapa. Tun da aka sake shi a Maris 2024 ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala, ba kuɗin ajiya ba ne. A kashe shi a nan ko a canza ta halastacciyar hanya. A kwashe abin da ke Vodafone Cash da asusun banki kafin iƙama ta mutu.

Layin waya ya fi ba mutane mamaki. Imel da WhatsApp da Facebook duk a ɗaure suke da lambar Masar, ranar da layin ya mutu saƙon tabbatarwa ba shi da inda zai sauka. A mayar da su kan lambar da za ta rayu tun ana nan. Tsohon layin Najeriya da aka shekara ba a taɓa ba mai yiwuwa an ba wani, kuma shi ne ke jikin BVN.

Wanda wata takardarsa ba za ta fito kafin tafiya ba ya yi wa amintacce taukili, wato takardar wakilci, a ofishin rajistar takardu na Shahrul Aƙari, a ambaci karɓar takardu da buga musu hatimi a ciki ƙarara. Masu iyali da aka haifa musu yara a nan sun fi kowa aiki: takardar haihuwa da tasdiƙinta, fasfon yaro, sannan a je Abbasiyya a daidaita matsayinsa, domin fasfonsa ba shi da hatimin shigowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7 ga Satumba

Hutun Maulidi ya tsayar da zirga-zirgar ofisoshi, aka yi amfani da kwanakin wajen sallama.

Sallama da malamai tana da nata aikin. Mai karatun Alƙur'ani gaban shehi da ya kusa sauka ya gaya masa ranar tafiya tun da wuri, don a ƙara masa zama. Ijaza, wato izinin da shehi ke ba wanda ya sauke a gabansa, a karɓe ta a rubuce, da sanadi cikakke, da riwayar da aka karanta, da sa hannu da shaidu. Wanda bai sauke ba kada ya matsa a ba shi abin da bai kammala ba, ya nemi izinin ƙarasawa ta waya idan shehin yana yin haka. Masu niyyar digiri na biyu su karɓi takardar shaida daga malamai biyu da suka san su da gaske, a kan takardar kulliya.

Sai bashi da amana. An zagaya da takarda: wanda ake bi, wanda yake bi, littafin aro, kuɗin mai shago na unguwa, kayan da wani ya bari ajiya ya tafi hutu. An biya, an mayar, an nemi yafiya baki da baki. Zaman shekaru a ɗaki ɗaya ba ya rasa saɓani, kuma da yawa daga waɗanda aka zauna da su, 'yan Indonesiya da Senegal da Chadi, ba lalle a sake haɗuwa a duniya ba. An yi walima ƙarama da tuwo da miyar kuka, waɗanda suka rage suka yi wa matafiya addu'ar da aka ruwaito: Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika. Wasu sun je sallar ƙarshe a masallacin Azhar. Ɗaliban ƙasashenmu sun daɗe suna wannan zuwa da komowa, tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makarantarsu da masaukinsu a Alƙahira.

Tsaraba an taƙaita ta da gangan. Jallabiya da abaya da hijabi daga Ataba da Muski ba su da nauyi, su suka fi. Kowa ya rubuta sunayen waɗanda ba makawa, iyaye da kakanni da malamin allo na farko, ya tsaya a nan.

16 ga Satumba

Rukunin farko sun tashi daga tasha ta 3 ta filin jirgin Alƙahira, sun sauka filin jirgin Malam Aminu Kano lafiya. Abin da aka kiyaye a daren: duk takardu na asali a jakar hannu, an kuma ɗauki hotonsu an ajiye a imel. Batirin cajin waya a hannu, ba a cikin akwati ba. Turare da mai da ya wuce mililita 100 a akwati, an naɗe bakinsa da salatif an sa a leda biyu. Katin rigakafin shawara yana tare da fasfo, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba sai an sake ba.

Saƙon mutane an yi masa ƙa'ida mai tsauri, ko na wane ne: a buɗe a gaban mai shi, a ga abin da ke ciki, magani kuwa ba a karɓa sam. Kowa ya ƙirga jakunkunansa, ya duba cewa lambobin da aka liƙa a tikitinsa sun yi daidai da yawansu, ya ɗauki hotonsu. Masu tarba a gida an tuna musu cewa agogon Masar a wannan lokacin yana gaban na Najeriya da awa biyu.

An ja kunnen kowa kan zazzaɓin cizon sauro. Masar ba ta da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mata da haka a Oktoban 2024, kuma wanda ya yi shekaru a inda babu shi ɗan jurewar da jikinsa ya saba da ita tana raguwa. Ga shi an sauka a tsakiyar lokacinsa. Gidan sauro tun daren farko, zazzaɓi kuma ko kaɗan ne a je a yi gwaji a ranar. Yaran da aka haifa a Masar ba su taɓa haɗuwa da shi ba, su aka fi ji wa.

Abin da ya rage: kago yana kan ruwa, an ba mutum biyu a Kano lambar bibiya. Rukuni na biyu suna jiran hatimin ofishin jakadanci, za a saya musu tikiti idan takardu sun dawo hannu. Masu zagaye na biyu kuma za a sake duba ranakun iƙamarsu ranar Lahadi mai zuwa, akwai biyu da tasu za ta ƙare kafin sakamako ya fito.